Shekarar da Na Riƙe Gora

Ni tela ne, kuma dogo ne, irin dogon da sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗakin kowa. Tsawon nan bai taɓa tsinana mini komai ba sai ƙarin yadi a wando, har shekarar da wani kulob na ƙasar nan ya kutsa gasar zakarun Afirka ya ƙi fitowa. 'Yan kudu ne, daga garin nan da ake kawo mana zare da allura da takalma, don haka tun farko na ɗauke su 'yan'uwana a sana'a.

A lokacin na baro Masanawa da keken ɗinkina na kama shago a Gwarzo. Zamani ne na tsuke bakin aljihu. Fetur sai a galan a bakin titi, wutar lantarki kuwa in ta zo har ihu yara suke yi kamar an ga watan Sallah. Ga Shari'a ba ta daɗe da zuwa ba, kowa yana taka-tsantsan da abin da za a ce ya yi. Mai gidan kallon da ke bakin tasha da kansa ya sa kwaɗo ya koma sayar da taki. Talabijin ɗin da ya rage a layinmu shi ne na Tica.

Tica malamin lissafi ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, gajere mai tumbi, wanda in ya yi dariya sai ya riƙe bango. Da yawa cikin mutanensu sun tattara sun koma gida bayan rigingimun da aka yi, shi kuwa ya zauna, amma ya zauna a hankali. Ba ya so a ce Kirista yana tara matasa yana hana su salla. Saboda haka talabijin ɗin yana can ƙuryar ɗaki, ƙofa a rufe, murya ƙasa-ƙasa. Da an kira salla shi zai fara kashewa, matarsa, wadda duk muke kira Madam, ta cika mana butoci.

Talabijin ɗin baƙi-da-fari ne, da batirin mota yake aiki, wanda ake kaiwa caji Kabo a bayan babur. Eriyarsa kuwa murfin tukunya ne da wayoyi, an ɗaure a kan wata doguwar gora a bayan ɗakin, wayar ta shiga ta 'yar tagar da ke can sama kusa da rufi. Gara ta cinye gindin gorar, ta daina tsayuwa da kanta. An kafa, an ɗaure da igiya, an tokare da dutse, hoto ya ƙi. Ba abin da ake gani sai tsaki-tsaki kamar abincin 'yan tsaki. Ranar wasan farko na je da wuri, na sami wuri mai kyau a gaba, na naɗe ƙafa. Sai Tica ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Tela, don Allah ɗan ɗaga mana ita mu gani, yanzu za ka dawo."

Na fita, na kife turmin Madam, na hau, na ɗaga gorar na karkata ta wajen Kano. Sai na ji ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya: "Tsaya nan! Kada ka motsa!" Na tsaya. Yanzun da Tica ya ce zan dawo ita ce ba ta zo ba har aka tashi wasa, muka ci.

An gwada wasu a wasa na gaba, hoto ya ƙi su. Tica ya yi bayani da lissafinsa, wai jikin mutum ma eriya ne, nawa kuma ya fi na kowa tsawo. Ni dai ban gane ba, na ga kaina a kan turmi. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da na tafi ɗaurin aure Dugabau. Mutum biyu suka yi karɓa-karɓa da gorar, hoto yana zuwa yana tafiya, wasu Larabawa kuma suka yi mana ruwan ƙwallaye a garinsu, irin cin da ba a faɗa wa yara. Da na dawo ba wanda ya tambaye ni ya hanya. Aka kafa doka: ranar wasa, Tela ba ya zuwa biki, ba ya zuwa suna, in mutuwa aka yi ma ya yi gaisuwa washegari.

Haka na yi kakar nan ina kallon bango. Na san kowane tsagu a jikin bangon nan, na san ƙadangaren da ke fitowa bayan hutun rabin lokaci. Wasan kuwa da kunne na koye shi. In na ji Tica ya ce "Yesu!" to ƙwallo ta kusa ragarmu. In Malam Na'ibi, mataimakin limamin masallacinmu, wanda kullum yake cewa wucewa kawai ya zo yi, ya ja "Innalillahi" mai tsawo, to mun zubar da dama. In kuma na ji ƙarar kwanukan Madam suna zubewa, to mun ci, sai in yi ta murna ni kaɗai daga wuya zuwa sama, don in na girgiza kafaɗa za a zage ni. Na taɓa tambayarsu launin rigar 'yan wasanmu, aka yi ta gardama har aka kusa dambe, kafin wani ya tuna cewa talabijin ɗin ba ya nuna launi.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin girman. Mai shayi ya daina ba ni ruwan bunu, sai mai kauri. Mahauci yana ƙara mini tsoka ya ce saboda damtse. Matata kuwa in baƙi sun tambayi inda nake sai ta ce, "Ya tafi aikin gwamnati, shi ne sandar eriyar gari." Wasan kusa da na ƙarshe a cikin azumi aka yi shi, na riƙe gorar nan da ƙishirwa, ina jin mutane a ciki suna cewa a yi mini addu'a kada in faɗo. Ba don ni ba, don hoton.

Amma abin yana cina a rai. 'Yan wasan nan na ba su kafaɗata tun damina, ban san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. Ana zancen gudun wane da tsallen mai tsaron gida, ni sai gyaɗa kai kamar wanda aka ba labarin Makka. Da muka kai wasan ƙarshe, kuma da Larabawan nan da suka wulaƙanta mu, na roƙa a bar ni in ga karon farko da za a yi a gida. Aka ce haba Tela, yanzu da aka zo gaɓa? Na hau turmi, kwanukan Madam suka zube sau biyu, su ba su ci ko ɗaya ba. Kowa ya fito yana rungumata, ni kuwa a ranar na yanke shawara.

Shekarar yajin aiki ce, kowa yana yi saboda kuɗin mai, ni ma na shiga nawa. Na aika wa Tica cewa karo na biyu, wanda za a yi a ƙasar Larabawan a ba da kofi, ko dai in gani da idona ko kuwa gorar ta riƙe kanta. Gari ya rikice. Aka yi ta zuwa shagona biko kamar matar da ta yi yaji. Wani ya kawo rake, wani ya kawo ɗinkin da ba ya buƙata, wani ya ce zai riƙa faɗa mini komai ta taga har da launin takalmi. Na ce a'a, ina taka kekena ko kallonsu ba na yi.

Malam Na'ibi ne ya raba gardamar. Ya zo ya tsaya a ƙofar shago ya gyara rawani ya ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Wannan camfi ne, camfi kuwa haramun ne. Gora ba ta cin ƙwallo, tela ba ya hana ta shiga. Ku bar bawan Allah ya yi kallo."

Tica ya ce, "Shi ke nan, Malam ya yi hukunci. Ni zan riƙe."

Ranar Juma'a ce da yamma. Na sa rigar Sallata, na shafa turare, na shiga ɗakin nan kamar ango. Aka matsa mini a gaba, ba da son rai ba. Tica ya ɗora kujera a kan turmi don ya ƙara tsawo, ya hau, Madam tana riƙe da ƙafar kujerar tana masa faɗa da yarensu. Hoto ya zo dishi-dishi, amma na gan su. Ashe ƙanana ne haka! Ashe mai tsaron gidan da ake ta kururutawa ɗan siriri ne kamar ni! Na fashe da dariya, na rasa abin da ya ba ni dariyar, na yi ta nuna su da yatsa ina tambayar wane ne wane, ana ce mini in yi shiru.

Ban gama sanin su ba alƙalin wasa ya ba Larabawa fenariti, suka zura. In suka ƙara ɗaya, duk abin da muka tara a gida ya tashi a banza. Ban waiwaya ba, amma ina jin idanu a ƙeyata. Kamar da gayya, sai hannun Tica ya gaji, hoton ya narke ya koma tsaki, sai muryar mai sharhi tana zuwa tana yankewa. Aka yi ta ihu, "Hagu, Tica! Dama! Wajen Kano!" Shi kuwa bawan Allah ko gabas bai sani ba a lokacin.

Sai na ji an taɓa gwiwata. Malam Na'ibi ne, ya sunkuyo, ya rage murya.

"Tela," ya ce, "ba camfi ba ne fa. Amma ɗan leƙa gorar nan."

Na tashi. Ba wanda ya kore ni, kuma da na zauna ba mai iya ɗaga ni, amma mutum talatin suna kallon tsaki saboda ni, kuma can ƙasan zuciyata ni ma na yarda da camfin. Na fita da rigar Sallata, na ce wa Tica ya sauko, na ture kujerar, na hau turmina. Ina karkata gorar ɗaki ya ɗauki kabbara. Na juya wa bangona fuska, na ji haushin kowa har da ƙadangaren.

Tica bai koma ciki ba. Ya tsaya yana murza kafaɗa yana kallona, ni kuma na ƙi kallonsa don kada ya ga idona. Aka tafi hutu aka dawo yana nan tsaye. Can sai ya ɗaga kai wajen tagar ya ɗaga murya, shi da kullum yake cewa a yi a hankali.

"Ku fito da shi waje!"

Madam ta ce, "Baban yara, dangar nan gajeriya ce, duk wanda ya wuce zai gani. Ka san abin da za a ce."

"A ce," in ji Tica. "Mutumin nan tun damina yake tsaye."

Ba wanda ya motsa, don kowa ya san abin da Madam take tsoro ba wasa ba ne. Sai ga Malam Na'ibi ya fito daga ɗakin, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya rungumo batirin motar nan a ƙirji yana nishi. Ya ce, "Duk mai magana ya fara da ni, ni na ɗauko." Mutum huɗu suka biyo shi da talabijin kamar masu ɗauko amarya, aka zaro waya ta taga, aka kawo teburin guga na Madam aka dasa shi a gabana, daidai inda idona zai sauka. Aka mayar da waya, hoto ya fito tar, irin wanda ba a taɓa samu ba.

Masu wucewa suka fara tsayawa a bakin danga. Masu dawowa daga kasuwa, matan maƙwabta daga bayan zana, wani tsoho da akuyarsa, har dangar ta kwanta aka tattake ta, Tica ko a jikinsa. Larabawa suka yi ta kawo hari kamar ba gobe. Yanzu ina ganin abin da ke sa Tica kiran Yesu, ina ganin abin da ke sa Malam salati, kuma wallahi da kunne ya fi sauƙi. Ƙwallo ta wuce ta gefen raga, na zabura har gorar ta motsa, jama'a suka juyo gaba ɗaya suka ce, "Tela, tsaya!" Na ce, "Ku ku tsaya, ni a tsaye nake!"

Da alƙali ya busa tashi, an ci mu ɗaya, mu kuma mun ɗauki kofin da ƙasar nan ba ta taɓa ɗauka ba. Wurin ya kece. Malam Na'ibi ya rungumi Tica suna tsalle, rawani ya warware ya naɗe su tare. Madam tana guɗa, tsohon nan ya saki akuyarsa, wani ya faɗa cikin randa. Kowa yana tsalle yana kuma waiwayen akwatin, don ba wanda yake so ya rasa ko ƙiftawa ɗaya.

Ni kaɗai ne ban yi tsalle ba. 'Yan wasan nan suna gudu suna faɗuwa a kan juna, ɗan siririn mai tsaron gida ya durƙusa ya rufe fuska, ina ganinsu sarai, sai kuma na daina ganinsu sosai saboda hawaye. Hannuwana biyu suna kan gora, ba halin sharewa. Na bar su suka gangara cikin wuyan rigar Sallata, na ƙara damƙe gorar, ban motsa ba.