Ranar da Muka Ɓoye Fasinjoji

Shekara uku na yi ina yankan tikiti a jirgin ruwan hukumar sufuri, wanda ke ɗaukar mutanen ƙauyukanmu na bakin ruwa a ƙasar Ngaski zuwa kasuwar Yauri. Aikin ba na a zo a gani ba ne, amma an ba ni riga mai tambari, ga biro a aljihu, sai nake tafiya kamar ni na haƙa tafkin.

Kuɗin jirginmu rabin na jiragen 'yan kasuwa ne. Abin da nake karɓa ko mai bai isa ya saya ba, gwamnati ce ke cika sauran, in ta tuna da mu. Wannan rangwamen shi ne ribar Innata. Duk mako takan yi bandar kifi ta kai Yauri, abin da ya rage bayan kuɗin jirgi da shi muke cin tuwo. Irinta suna da yawa, shi ya sa ranar kasuwa jirgin kan cika har ya wuce ƙa'ida. Kawuna ne direba, shi kuwa ba ya iya barin mutum a gaɓa. A matsa, a matsa, har akuya sai ta samu wurin zama.

Ana gobe kasuwa wani abokina da ke ofishin hukumar ya bugo mini waya, ya ce za a turo mai dubawa da safe. Bai faɗi abin da zai duba ba, ni ma ban tambaya ba. Me zan tambaya? A wurinmu in jami'i ya zo bakin ruwa, abu ɗaya ke kawo shi: ya kama jirgin da ya yi lodi fiye da kima. Kowa ya iya ɓoye wannan tun yana ƙarami.

Da la'asar na bi gida gida ina ba da umarni. Kowa ya wuce tasha, ya je bayan babban dutsen da ke inda gaɓa ta lanƙwasa, ya laɓe da kayansa. Mutum bakwai kawai za su tsaya a tasha. In baƙo ya gani ya tafi, sai mu biyo mu kwashe su. Inna ta dube ni ta ce, "Bokon ga naka dai ya yi rana." Ranar ko abinci ban ci da yawa ba don daɗi.

Baƙon ya iso da hantsi, siriri, mai tabarau da jakar takardu. Ya tarar da fasinja bakwai zaune a natse, kowa sanye da rigar ruwa mai hana nutsewa. Tun da aka kawo rigunan nan ba su taɓa isar kowa da kowa ba sai ranar.

"Haka kullum?" ya tambaye ni.

"Haka kullum, yallaɓai. Wata rana ma ba su kai haka."

Ya rubuta. Ina jira ya yi sallama, sai na ga ya naɗe ƙafar wando ya shiga jirgi. Wai zai bi mu har Yauri.

Muna kaiwa lanƙwasa jama'a suka ji ƙarar inji, suka fito daga bayan dutse kamar an buɗe makaranta. Kwanduna, buhunan shinkafa, matan Fulani da ƙoren nono, awaki uku. Inna ce a gaba, kwandonta a ka, tana ɗaga hannu. Kawu ya kalle ni, ni kuma na kalli ruwa.

"Waɗancan fa?" in ji baƙon.

"Mutanenmu akwai son gaisuwa, yallaɓai."

Sai bawan Allah ya ji daɗi, ya miƙe ya ɗaga musu hannu shi ma. Kawu ya ƙara wuta muka wuce.

Sai da muka kai tsakiyar ruwa ya cire tabarau ya fara hira. Ya ce an rage wa hukumar kuɗi a kasafin bana, tallafin mai ba zai ishi duk jirage ba. Inda jama'a ke cika jirgi za a bar shi, inda babu kowa a ɗauke. Ya ce lissafin tikitina na nuna jirgi na cika, amma a ofis an gaji da yarda da takarda, shi ya sa aka ce ya zo ya gani da idonsa. Ya ƙara ƙirga mutum bakwai ɗin, ya girgiza kai cikin tausayi.

Kawu ya sunkuyo kusa da kunnena. "Ɗan ga, mi munka yi?"

Har yanzu ina iya hango dutsen a bayanmu. Kalma ɗaya zan faɗa Kawu ya juya, baƙo ya ga taron da idonsa. Amma sai in ce na yi masa ƙarya, in kuma tona cewa kullum lodinmu ya wuce ƙa'ida. Na so in ce Kawu nake karewa. Ba haka ba ne, rigata mai tambari nake tsoro a cire mini. Na yi shiru har muka sauka Yauri, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Bayan damina aka ɗauke jirgin zuwa wata gaɓa, rigar da nake tsaro ita ma aka karɓe. Inna ta koma shiga jirgin 'yan kasuwa. Wani makon kuɗin zuwa da dawowa kan cinye ribar duka, sai ta rage zuwa, sannan ta bari gaba ɗaya. Murhun bandarta yanzu kaji ke kwana a ciki.

Ba ta taɓa yi mini faɗa a kai ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai dai duk sanda na zo gida, tun daga nesa in ta hango ni, takan tsaya a ƙofa ta ɗaga hannu sama, kamar ranar nan. In na matso sai ta yi murmushi ta ce, "A'a, wuce abinka, ɗana. Gaisuwa ce kawai."