Gurbin Hureira a Jerin Sharafaddeen

Sharafaddeen jikan Hureira bai gaji kowa ba. Ubansa atamfa yake sayarwa a Titin Koudoukou, shi kuwa ya tashi da kwamfuta a cinya, yana danne-danne kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wai umarni yake rubuta wa na'ura. To, madalla.

Da 'yan bindiga suka yi wa unguwar Kilomita Biyar ƙawanya, har leƙa kasuwar gaba ya zama sayar da rai, sai dattawan masallaci suka tuna da shi. An samo babbar mota guda da za ta bi ayarin sojoji zuwa iyakar Kamaru. Mutum sittin cif za ta ɗauka, wanda ya riga ba da suna shi ne gaba. Sharafaddeen ya zuba sunayen a na'ura, ya haɗa 'yar manhajar da in ka ba ta suna, sai ta faɗi gurbinsa a jeri.

Hureira ta dogaro sandarta ta zo.

"Kai, mijin banza, duba min. Ina nake?"

Ya danna. "Sittin, amarya. Da ƙyar kika kamo wutsiya."

A ranar ta rabar da tukwanenta, ta bai wa maƙwabta katifa, har akuyarta ba ta bari ba.

Abin da gwanin ya manta, na'urarsa daga sifili take soma ƙirge. Mutum na farko sifili ne a wurinta, na biyu ɗaya. Ya'u direba kuwa da yatsa yake ƙirga kawuna, yadda uwarsa ta koya masa. Safiyar tafiya sittin ɗinsa ta cika a kan wata mai goyo, ya miƙa hannu ya tare Hureira.

"Inna, ki yi haƙuri, ke ce ta sittin da ɗaya."

Ta ɗaga kai ta dubi jikanta, wanda tuni ya haye da jakarsa.

"Malam mai ilmi, a garin su wa ake fara ƙirga mutane daga babu?"

"Kaka, haka tsarin yake..."

"Tsarin zai dawo min da katifata?"

Sharafaddeen ya ɗauki jakarsa. Ya sauko, ya cicciɓe ta ya ɗora a mazauninsa.

"A hankali, mugu, ƙashin tsufa ne!"

Wata motar ba ta ƙara zuwa ba. Shekara biyu duniyar Sharafaddeen ba ta wuce masallaci da bakin kasuwar Kokoro ba, yana yi wa mutane cajin waya da batirin mota. In an tambaye shi me ya hana shi tafiya, sai ya ce aiki ne ya riƙe shi.