Yatsa Mai Maiƙo

A wani ofishi a birnin Plovdiv, wanda zai bar aiki shi ke kawo abin taɓawa. Shi ya sa wani dattijo da zai bar aiki yau ke tsaye da farantin banitsa, wani gasasshen burodi mai cuku, a gaban teburin matar da ke kula da kwamfutocin kamfani. Kwat ɗinsa ta sha guga, amma maɓalli ɗaya na lilo. Mai yiwuwa wadda ta saba ɗinke masa ba ta nan.

Matar ba ta ɗago ba. Farcenta ja, bakinta a tsuke, kamar wadda ta taɓa roƙo aka hana ta. Ta miƙa hannu ta zaɓi yanki mafi girma.

"Tsvetelina, 'yata," in ji shi a hankali, "hotunan marigayiya matata suna cikin asusun aikina. Ki bar shi zuwa gobe, jikata za ta kwashe mini."

"Baba Stamen, kayan kamfani ne fa, ba adakar gidanku ba." Tana tauna. "Wa ya gasa wannan? Gishiri bai ji ba."

"Ni ne. Marigayiyar ce ta koya mini."

"Ashe ba ta gama ba."

Kwamfutar na tambaya ko a adana kayansa kafin a goge asusun. Ya ga tambayar, ita ma ta san ya gani. Ta lashe yatsa, ta danna a'a.

Har yanzu yana riƙe da farantin, domin mai sallama ba ya ajiyewa sai kowa ya ɗauka. Ta ƙara yanki ɗaya.