Kabarin da Ke Bayan Igiya

A cikin dajin nan aka yanke wa Inna mai ɗinki cibiya, tun kafin a kewaye shi da waya a ce ya zama gandun hukuma. Tana budurwa aka tashi ƙauyensu, aka loda su a mota har da tukwane, aka baro kabarin mahaifiyarta a gindin wata tsamiya. Ta zo gari ta yi aure, ta kama keken ɗinki, da shi ta yi wa 'ya'yanta karatu har zura zare ya fara gagarar idonta.

Abin da ke ci mata rai shi ne Autanta, malamin makaranta. Duk ƙarshen mako sai ya rataya tabaron hangen nesa ya tafi dajin kallon tsuntsaye. Tsuntsaye fa! Shekara da shekaru tana roƙon ya kai ta kabarin, yana cewa tafiyar ƙafa ce, gwiwarta ba za ta ɗauka ba. Sai da ta daina amsa gaisuwarsa sannan ya kai ta.

Hanyar siririya ce, an ja mata igiya hagu da dama. Mai gadin daji na gaba, baƙi masu kallon tsuntsaye na biye suna raɗa kamar masu zuwa dubiya. Inna na dogara sanda tana huci. Da suka kai wani rafi ta tsaya cak, domin a nan take wanki tana yarinya. Ta ɗaga igiyar.

"Iya, ba a sauka daga hanya," in ji mai gadi.

"Uwata na kwance a can, ɗan nan. Kai ka ajiye min ita?"

Auta ya riƙo hannunta. "Inna, don Allah a hankali, za ki kori tsuntsayen mutane."

Wani kallo ta watsa masa, ya sake ta ba shiri. Ta sunkuya ta wuce, mai gadi ya kau da kai, ya bar ta.

Ta kutsa cikin ciyawa, ƙaya na yagar mata zane. Ta sami tsamiya, ta ga wata a bayanta, ga wata can, duk gindinsu iri ɗaya. Babu kufai, babu tudun ƙasa, ko fasasshen kasko babu. Ta zaga, ta tona da sanda, ta sake zagawa har ƙafarta ta ƙi. Ta rasa inda za ta fuskanta ta yi addu'a.

Auta ya iso yana haki. "Inna, kin gani?"

Ta juyo ta dube shi.

"Da ka kawo ni tun ina roƙonka, da na gane wurin. Kai ka san sunan kowane tsuntsu a dajin nan. To, nuna min kakarka."