Katangar Baffana

A shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta ne baffana ya zana mutane a jikin katanga. Na daɗe ban tuna ba, sai kwanan nan a ajin yaƙi da jahilci da nake zuwa a Gumel. Malamarmu ta miƙo mana wayarta, ta ce mu ga yadda masu zane a ƙasar Meksiko suke cika bangon manyan gine-gine da hoton manoman da suka tashi neman gonakinsu, don wanda bai iya karatu ba shi ma ya san labarin. Ina cikin kallo sai na ji ƙanshin ɗanyen yaɓe a hancina.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Maigatari. Da aka gama girbi a wannan shekara, wani attajiri ya zo daga birni da mutanensa da igiyar awo, dagaci na gabansu. Suka zagaye gonakin gabas, har da ta mahaifina. Aka ce takarda ta fito, gonakin sun zama na attajirin. A cikinmu babu mai iya karanta ta.

Baffana magini ne, ba mai yawan magana ba. Bai kai ƙara wurin kowa ba. Katangar gidanmu mai fuskantar hanya ya yi wa sabon yaɓe da makuba, irin wanda ruwa ba ya ci. Tun bai bushe ba ya ɗauko farar ƙasa da jar ƙasa da gawayi. Ya zana manoma a jere, kowa ya ɗaga fartanya, mata sun ɗaga taɓare. A gabansu wani mai babbar riga da tumbi yana riƙe da igiya. Bai yi wa kowa fuska ba, domin liman ya sha faɗa mana cewa zana fuska ba kyau.

Ranar Alhamis masu kora shanu kasuwa suka riƙa tsayawa suna kallo. Babu wanda ya nemi bayani. Kafin wata ya kama, har a tsallaken iyaka ana zancen.

Dagaci ya zo da kansa.

"Magini, ni ka zana?"

"Ranka ya daɗe, mutumin nan ko fuska ba shi da ita. Ta ina ka gane shi?"

Kakata tana zaure, ta leƙo ta ce, "Ta tumbin mana!"

Mutane suka kwashe da dariya. Dagaci ya ce a shafe zanen kafin rana ta faɗi. Baffa ya ce to. Ya kwaɓa ƙasa zalla, babu ciyawa, babu makuba, ya lulluɓe katangar. Haka muka yi rani da ita shiru. Ruwan farko na sauka, ya wanke wannan ƙasar. Da gari ya waye, ga fartanyun nan a sama kamar jiya aka zana su.

A karo na biyu mutanen dagaci da diga suka zo, suka rushe katangar. Bayan haka babu mai iya ba baffa aikin gini a fili. Ya ɗauki kayan aikinsa ya haura Damagaram.

Yanzu katangata ta siminti ce, ita ma hanya take fuskanta. Ban iya zane ba, amma hannuna ya fara sabawa da baƙaƙe, na kuma sayi fenti. Zan rubuta abin da ya faru, da manyan haruffa. Wanda ya ji da shi ake, ya sake zuwa da diga.

Abin da muka rasa ba shi da wuyar lissafi: gonaki bakwai, tsamiyar da ke tsakaninsu, katanga ɗaya, da baffana, wanda har yau ban san inda kabarinsa yake ba.