Yatsu Biyu a Ƙarƙashin Tef

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na auna Hajiya Kulu. Ina aji biyar na sakandare, in an tashi sai in wuce shagon ɗinkin Anti Rabi a Daura. Anti ke yanka, manyan 'yan koyo su hau keke, ni ƙarama awo ne aikina. Dokar shagon ɗaya ce: wadda ta ɓata kayan mutane ta koma gida.

Ku sababbin 'yan koyo, ga yadda ake awon ƙirji. Ki zagaya tef, ki sa yatsu biyu a ƙarƙashinsa, ki ce mai kaya ta ja numfashi. Malamarmu ta kimiyya ta nuna mana dalili: duk numfashi sai naman da ke tsakanin ƙasusuwan haƙarƙari ya ɗaga su, ƙirji ya buɗe.

Hajiya kuwa ta shanye ciki, ta ƙame, har jijiyar wuyanta ta miƙe.

Na ce, "Hajiya, ki ɗan numfasa."

"Ke, cire min yatsun nan! Talatin da takwas nake tun ina budurwa."

Tef ya ce arba'in da biyu. Anti ta harare ni, na rubuta na Hajiya.

Ranar Asabar ta zo gwaji. Mutum uku suka taru kan zip. Ta tsaya gaban madubi ta ce, "To, kun gani?" Ni kafaɗunta nake kallo, suna hawa suna sauka, ƙirjin ko motsi. Leɓenta ya yi fari, ta sulale ƙasa.

Anti ta hau salati, wata ta ce aljanu ne. Zip ya ƙi sauka. Na ɗauki reza na farke ɗinkin gefe, daga hammata har ƙugu. A ƙarƙashin tafina na ji haƙarƙarinta ya buɗe.

Da ta farfaɗo, ko ruwa ba ta nema ba. "Wace ja'irar ce ta keta min leshi?"

A gabanta Anti ta kore ni. Bayan mako guda ta aiko in dawo, ta miƙo min tef.

Yanzu abin da mai kaya ta faɗa shi nake rubutawa a gaban takarda, na tef kuma a baya, Anti ta yanka da na baya. A sana'ar nan, mutum zai yafe miki in kin shaƙe shi. Faɗa masa awonsa ne ba ya yafewa.