Ramar Inna

Ranar wata Litinin bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamaren Bungudu, na dawo daga makaranta na tarar da Gwaggo Asabe, yayar Babanmu, durƙushe gaban mahaifiyata da lomar tuwon dawa a hannu, tana tura mata a baki kamar mai yi wa jariri ɗura. Inna tana kawar da kai, hawaye na bin kumatunta da suka zurma. "Ki ci, Rabi," in ji Gwaggo. "Wanga ba ciwo ba ne, taurin kai ne."

Ciwon daji ne ya kama Inna a mama. Baba kan ɗauke ta a motar haya zuwa asibiti a Gusau a ƙara mata ruwan magani, ta dawo tana amai, bakinta duk gyambo, gashinta na biyo mataji idan ina taje mata. Matar da ke surfe turmi biyu kafin hantsi, ta kai abinci gona da goyo a baya, ta koma ba ta iya ɗaga buta. Warwaronta ya riƙa zamewa har hammata. Surfe da ɗebo ruwa a rijiya da sharar tsakar gida suka dawo kaina, ban taɓa jin nauyinsu ba. Bakin mutane ne ya yi mini nauyi. Dangin Baba suka ce ita ke kashe kanta da yunwa. Kawunta ya zo daga Tsafe da tulun jiƙo, ya ce sammu ne, a daina zuwa asibiti. Maƙwabta kuwa suka yi ta raɗa cewa irin wannan rama sai ƙanjamau. A filin makaranta ƙawayena suka daina kama hannuna a gaɗa, na koma carafke ni kaɗai a gindin bishiyar bedi.

Inna tana ci. Ni ke dama mata kunu, ina ganin yadda take runtse ido ta haɗiye don kawai a bar ta ta huta. "Ɗiyata, ina ci, jikin ne ba ya riƙewa," ta ce da ni wata safiya, dangi na tsakar gida suna ji. Kafin a yanke gero ta rasu.

Bara na raka wata maƙwabciyata mai irin ciwon Inna zuwa asibiti a Gusau. Likita ya duba sakamakon gwajin jininta, ya ce akwai alamun da ke nuna ciwon ya fara cinye tsoka tun ido bai ga rama ba, kuma ko an ci, jiki zubarwa yake yi. Ya hana mijinta yi mata dole. Na fito na zauna a dakali, haushi ya cika ni. Abin da jini ke faɗa wa likita yau, Inna ta faɗa da bakinta a tsakar gida cike da mutane. Ta tafi babu wanda ya nemi gafararta.